Daga Rumfar Kasuwa: A Turai Kai Ne Fatoman Kanka

 

Makon jiya wani ɗan uwa daga Duwala ya aiko mini da saƙo. Ya ce 'ya'yansa sun biya masa, shi da uwargida, kuɗin yawon mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum. Jirgin zai tashi daga Italiya, shi ne yake tambaya ko zai iya sauka ƙasar a ranar da jirgin zai tashi, don ya huta da kuɗin otal. Da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai a rumfa, har yarona ya waiwayo. Wallahi irin lissafin da na yi ke nan a 2023, kuma da an bar ni da lissafina, da ni da Hajiya ko hayaƙin jirgin ba mu gani ba.

Mu fatake an gina mu a kan wata al'ada. Tun zamanin da kakanninmu ke zuwa Gwanja ɗauko goro, bafatake ba ya tunanin inda zai kwana. Ka isa zango, ka tambayi gidan fatoma, ya ba ka ɗaki, ya adana kayanka, ya haɗa ka da dillali, in za ka wuce ya sa yaro ya raka ka. Har yau haka muke. Na je Dubai, na je Gwanzo, ban taɓa sauka ba tare da wani Bahaushe yana jira na a bakin ƙofa ba. To, yawon jirgin ruwa a Turai ba haka yake ba. Babu mai jiran ka sai wanda ka biya ya jira ka, babu ɗaki sai wanda ka kama tun kana gida. Aikin da fatoma yake yi maka, kai za ka yi wa kanka shi, kuma kafin ka bar gida.

Mu namu yawon, yara ne suka haɗa kuɗi da muka cika shekara 30 da aure. A takardar an rubuta jirgi zai tashi daga Roma ranar Lahadi da yamma. Na ce madalla, sai mu sauka Lahadi da safe, mu hau tasi zuwa bakin ruwa, kamar yadda mutum zai tashi daga Zango ya je tashar jirgin ruwan Kwatano. 'Yata ta fari, wadda ita ta riƙe duk takardun, ta ce, "Baba, jirgin ruwa fa ba motar tasha ba ce da za ta jira ta cika." Na ce kwana biyu a otal ai kuɗin katan guda ne na takalma. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na riga na biya. Juma'a da safe za ku sauka." Na yi 'yan gunagunina na yi shiru.

Abu na farko da ban sani ba shi ne birnin Roma ba a bakin teku yake ba. Tashar da ake kira ta Roma a wani gari take, Cibitabekiya, wanda a allunan hanya za ka ga an rubuta Civitavecchia. Tsakaninsa da birnin kusan kilomita 80 ne. Babban filin jirgin sama kuwa, Fiyumicino, yana wajen kilomita 30 daga tsakiyar birni. Ke nan tafiya uku ce a gabanka bayan ta sama: daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa garin tasha, daga ƙofar tasha zuwa gindin jirgi. Kowacce sai ka san yadda za ka yi ta. Kuma lokacin tashi da aka rubuta kada ya ruɗe ka, ana rufe karɓar fasinja tun kafin nan, galibi da awa ɗaya da rabi ko biyu.

Muka bar Kwatano ranar Alhamis, za mu canza jirgi a hanya. Jirginmu na farko ya makara awa huɗu. Ko da muka isa, na biyun ya tashi, kuma babu wuri sai a na washegari da dare. Maimakon Juma'a, sai Asabar da safe muka sauka Roma. Ku yi lissafin da kanku. Da a shirina na farko muke, da Litinin za mu sauka, jirgin ruwa yana wata ƙasa, kuɗin yara ya bi ruwa, ko kuma mu sayi wani tikitin mu bi shi tashar gaba da kuɗin aljihunmu. Kwanan nan guda da na so in tsimi, shi ya ceci tafiyar gaba ɗaya.

Tun muna zaune a inda muka maƙale, 'yata ta sa na aika saƙo biyu ta WhatsApp. Na farko ga otal. Ashe otal da yawa in ba ka zo daren farko ba kuma ba ka faɗa ba, sai su soke sauran kwanakin su ba wani ɗakin. Na biyu ga direban da ta kama mana. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai ɗauke ka, ka ba shi lambar jirginka, ba lokacin sauka kaɗai ba, kuma ka riƙe lambar wayarsa a takarda, don waya tana mutuwa a daidai lokacin da ka fi bukatar ta.

Da muka sauka, akwati ɗaya ya fito, babban bai fito ba. Muka tsaya har bel ɗin ya daina juyawa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, ina maganina na hawan jini?" Na ce yana cikin babban akwati. Ni na sa shi da hannuna, wai don jakar hannu ta yi sauƙi. Ba ta ce uffan ba. Can sai ta buɗe 'yar jakarta ta zaro falle guda na ƙwayoyin, ta ce, "Shekara talatin ina tare da kai, ai na san hali." Jama'a, magani da fasfo da tufafin kwana ɗaya ba sa shiga akwatin da za a karɓe maka. In kuma akwati ya ɓata, kada ka fita daga zauren kaya sai ka kai rahoto a teburinsu, ka nuna 'yar takardar da aka manna maka lokacin awon kaya, ka ba su adireshin otal da sunan jirgin ruwa da ranar tashinsa. Wanda ba shi da otal, wane adireshi zai bayar?

Yanzu ga hanyoyin shiga gari daga Fiyumicino. Akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express, minti 32 ya kai ka babbar tashar Tarmini ba tsayawa, Yuro 14 ne kowane mutum lokacin da muka je, wato jika tara da 'yan kai a kuɗin sefa. Akwai tasi na hukuma, farare, da tambarin birnin da lamba a jikin ƙofa, suna layi a waje. Kuɗinsu zuwa cikin tsohuwar ganuwar birni ƙayyadadde ne, a lokacin Yuro 50 ne duk motar, wajen jika 33, daga baya an ƙara. Sai motar haya da direba wadda ake kamawa tun daga gida, direban ya tsaya da sunanka a allo. Na huɗu kuwa su ne masu tarar ka tun a cikin zaure suna "tasi, tasi". Waɗannan ku wuce su kamar ba ku ji ba. Mu da muka san 'yan kamasho na tasha bai kamata a yi mana wannan ba.

Ga mutum biyu masu manyan akwatuna, bambancin jirgin ƙasa da tasi bai taka kara ya karya ba, tunda in ka sauka Tarmini ma sai ka ja kaya zuwa otal, ga 'yan sane da suka san baƙo tun daga tafiyarsa. Saurayi mai jaka ɗaya ya hau jirgin ƙasa. Dattijo da iyali ya hau mota.

Batun otal, abin da na koya shi ne wuri ya fi ƙawa. Mun sauka kusa da Tarmini, a unguwar Eskwilino. Nan akwai kasuwa mai rufi da mahauta masu naman halal, da gidajen abincin 'yan Bangaladash da Larabawa, har doya da ayaba na gani. Amma ka yi tambaya kafin ka biya. Otal da yawa a wannan yanki hawa ɗaya ne kawai a cikin tsohon bene. Namu a hawa na huɗu yake, na'urar hawan kuwa ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu, ko mutum ɗaya da akwati. Ka tambaya ko akwai ta, ko akwai mai karɓar baƙi dare da rana, ko za su ajiye maka kaya, domin galibi ba a ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, kai kuma ka sauka tun safe. Za su karɓi fasfo su rubuta, doka ce, kada ranka ya ɓaci. Akwai kuma harajin birni da ake biya a kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet. Ka kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Araha ba ta ado.

Wajen karin kumallo a yi hattara. Jan naman nan da ake yankawa siri-siri galibi na alade ne, kalmar da za ka riƙe ita ce maiale. Har burodin safe mai lanƙwasa wasu da kitsen alade suke yin sa, sai ka tambaya. Banɗakinsu dai ya yi mana daɗi, don kusan ko'ina akwai kwanon tsarki a gefen masai, ko da yake Hajiya ba ta rabu da 'yar butarta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Juma'ar da muka rasa. Na yi niyyar yin ta a Babban Masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai. Sai Asabar da la'asar muka samu muka je.

Zuwa Cibitabekiya akwai jirgin ƙasa daga Tarmini, awa ɗaya da 'yan mintuna, lokacin da muka je kuɗinsa bai kai Yuro 5 ba. Arha kam akwai. Amma wurin hawansa yana can ƙarshen tasha, tafiyar kusan minti goma da kaya. In tikitinka na takarda ne sai ka buga shi a na'ura kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. In ka sauka kuma ba ka iso ba, sai ka hau bas zuwa dandalin Largo della Pace, daga nan wata bas ta kyauta ta shiga da kai cikin tasha. Sannan ma'aikatan jiragen ƙasa a Italiya suna yajin aiki lokaci lokaci, ana sanarwa tun da wuri, sai ka sa yaro ya duba maka ranarka.

Mu mota muka kama, kuɗinta ya haura Yuro 100, sama da jika 65. Na ji zafin kuɗin, amma ga inda ta biya kanta. Lahadi da safe aka aiko cewa akwatinmu ya iso. Da a jirgin ƙasa muke da sai dai mu haƙura da shi. Sai direban ya ce ai babbar hanyar Cibitabekiya ta kusa da filin jirgin take bi. Muka ratsa, na shiga na karɓo akwati, kafin azahar muna gindin jirgi. Da Hajiya ta ɗaga kai ta ga tsawonsa, sai ta ce, "Alhaji, wannan jirgi ne ko unguwa?"

Sauran 'yan abubuwa a taƙaice. Kilishi da dambun nama da man shanu ku bar su gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara. Wanda ya riƙe tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye, dole ya bayyana wa kwastan. Dutsen guga da butar lantarki yawancin jiragen ruwa ba sa bari, na Hajiya an karɓe sai ranar sauka aka maido mata. Ka duba garuruwan da jirgin zai tsaya. In akwai na wajen yankin Shengen, kamar Turkiyya ko Tunisiya, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba. Ranar dawowa kuma kada ka sayi tikitin jirgin safe, domin fitar da dubban mutane daga jirgi ɗaya ba aikin minti goma ba ne, ga kuma tafiya zuwa filin jirgi tana jiran ka.

To ɗan uwana na Duwala, ga amsarka. Ka sauka da kwana biyu, in aljihu ya matsa ƙwarai kwana ɗaya, amma ba ranar tashi ba. Ka rubuta a takarda guda wa zai ɗauke ka, ina za ka kwana, da me za ka isa bakin jirgi, ka ba uwargida kwafi ɗaya ta riƙe. Kuɗin yaran nan guminsu ne, kada tsimin dare ɗaya ya jawo asararsa. Ni dai da muka dawo na kira 'yata na ce Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Amin Baba, katan ɗin takalman fa?" Na ce ta bar tone-tone.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.