Ra'ayinmu: Katsina da Maraɗi su ɗauki nauyin mai fassara Ɗan Tafa

Daga Magamar Jibiya zuwa Ɗan Isa tafiya ce gajera, kuma Hausa ake ji ta kowane ɓangare na iyakar. Amma ɗalibin Katsina da Ingilishi yake karatun jami'a, takwaransa na Maraɗi kuwa da Faransanci. Idan aka zo ga littattafan magabatansu, waɗanda akasari da Larabci aka rubuta, da yawansu sai kallo.

Ga misalin Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija. Ɗan Tafa ya rasu a 1864. Masanin falsafa ne da tasawwufi da tarihi. Littafinsa Raudatul Afkar ya kawo labarin Gobir da Katsina da yaƙe-yaƙensu, wato tarihin kakannin mutanen da ke tsallaka wannan iyaka kullum. Tun 1916 Bature Palmer ya mayar da shi Ingilishi. Rubuce-rubucensa na falsafa kuwa, Bahaushen da ba ya jin Larabci da wuya ma ya san da su.

Masu ja da kiran a fassara shi zuwa Hausa suna da hujja. Jibiya na fama da 'yan bindiga da 'yan gudun hijira, an rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta a 2023, ciniki ya durƙushe. Wa zai saurari zancen falsafa? Akwai kuma malaman da ke ɗari-ɗari da fannin, suna tsoron ya rikita aƙidar wanda bai yi zurfi ba. Ba mu raina wannan tsoro. Amma maganinsa shi ne masanin da ya ƙware a Larabci da manɗiƙi ya yi fassarar tare da sharhi, kamar yadda tarjamar Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Gumi ta zo da bayani.

Cikas ɗin da ke hana fassarar yana cikin jami'a. Malamin da ya ba fassara shekarunsa yakan ga abokansa masu maƙalu a mujallun Turanci sun riga shi ƙarin girma, don haka matasa ke gudun aikin.

Matsayinmu shi ne Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su haɗu su ɗauki nauyin fassarar Ɗan Tafa zuwa Hausa, su lissafa ta cikin ayyukan da ke kai malami matsayin farfesa, a buga ta a sayar a kasuwannin ƙasashen biyu.