Sharhi: Kafin a aika kwamfuta Mai Yara, a tambayi wa zai biya caji da data

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 tallafin ƙetare ya ja baya a Nijar, sai kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025. Manyan ƙungiyoyin agaji na Yamai sun rage ma'aikata. Ƙananan ƙungiyoyin karkara, irin na mata masu asusu da na makiyaya da na matasa a Mai Yara da ke gundumar Dakoro a jihar Maradi, su kuwa ba su da ma'aikatan da za su rage. Abin da suka rasa shi ne ɗan kayan aikin da ke biyo bayan kowane shiri: waya, batir, kuɗin kira, wani lokaci kwamfuta guda. Duk da haka, duk wanda zai ba su tallafi a yau yana son rahoto a rubuce, da hotuna, da lissafin kuɗi, kuma ta intanet.

Shi ya sa 'yan asalin yankin da ke Maradi, Kano, Abidjan ko Faransa suke ta yaɗa labarin rangwame da kyautar da kamfanonin fasaha ke yi wa ƙungiyoyin sa-kai. Labarin gaskiya ne. TechSoup, wadda aka kafa a San Francisco a 1987, ta daɗe tana haɗa ƙungiyoyi da manhajoji masu rahusa. Google na bai wa ƙungiyoyin da ya tantance adireshin imel da ma'ajiyar takardu kyauta, da tallan da ya kai dala 10,000 a wata. Canva ma na da tsarin kyauta. Sai dai an ɗinka rigar ne da awon ƙungiyar da ke da ofis, da shafin intanet, da wutar da ba ta ɗaukewa. Tallan dala 10,000 ba kuɗi ba ne da ake miƙa wa mutum a hannu, dama ce ta tallata shafin ƙungiya a Google. Ƙungiyar matan da ke ajiye gero don bazara ba ta da shafi, kuma waɗanda take yi wa aiki ba a Google suke nemanta ba.

Abin da ya faru da kyautar Microsoft ya isa darasi. A watan Mayun 2025 kamfanin ya sanar cewa daga 1 ga Yuli zai daina bayar da lasisi 10 na Business Premium da ya saba bai wa ƙungiyoyi kyauta. Ya bar Business Basic kyauta har ga mutum 300, da rangwame a kan sauran. A takarda, 300 sun fi 10. Amma tsarin da aka janye shi ne mai Word da Excel da ake sakawa a cikin kwamfuta a yi aiki ko babu intanet, wanda aka bari kuwa a kwamfuta sai an hau intanet ake amfani da shi. Kamfani na da 'yancin sauya kyautarsa. Ƙungiyar da ta ɗora dukan lissafinta a kan kyautar ita ce za ta wayi gari ana neman ta biya da dala, ta katin banki da ba ta taɓa mallaka ba.

Kyautar tsofaffin kwamfutoci ita ma na buƙatar a yi mata kallon tsanaki, domin ita ce ta fi jan hankalin 'yan ƙetare. Akwai ƙungiyoyin da suka ƙware a gyara kwamfutoci na hannu su aiko Afirka, kamar Computer Aid International ta Ingila da Close the Gap ta Beljiyam, kuma suna gwada kayan kafin su fita. Matsalar ta fi yawa a kayan da aka tattaro daga ofisoshi ba tare da an duba ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Ke nan za a ga ambaliyar kayan da Turai ta gama da su suna neman mafaka. Ga tsadar hanya: tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kaya kan zagayo ta Lome da Burkina Faso, ga kuɗin kwastan, ga motar da za ta kai su Dakoro. Idan aka haɗa lissafi, sau da yawa ya fi sauƙi a turo kuɗin ta NITA ko Amana, a sayi kayan a Maradi ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, inda idan batir ya mutu an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sannan ga wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Babbar kwamfutar tebur a ƙauyen da babu layin NIGELEC ado ce kawai, ƙurar hunturu da zafin bazara su ƙarasa ta. Waya mai Android, da ƙaramin farantin hasken rana, da batir mai kyau sun fi ta amfani sau goma, kuma farantin kan iya mayar da kuɗinsa, tunda cajin waya sana'a ce a kowace kasuwar ƙauye.

Dakoro ba baƙuwar wannan darasi ba ce. Daga 2010 ƙungiyar CARE ta gudanar da shirin koyon jure sauyin yanayi a gundumar, kuma cikin kayan da suka yi tasiri har da ma'aunin ruwan sama da aka kafa a ƙauyuka. Mutumin gari ne ke karanta shi, ya aika adadin ta waya, manoma su san ko ruwan ya kai na shuka ko a dakata kada a yi asarar iri. Babu lasisi, babu biyan wata-wata. A jihohin Dosso da Damagaram kuma, binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta jagoranta a kan azuzuwan yaƙi da jahilci ya nuna cewa manyan da aka koya wa amfani da ƙaramar wayar salula sun fi sauran cin jarrabawar karatu da lissafi. Ƙaramar waya ce, irin wadda ake kira rakani-kashi.

Manhajojin da suka dace da irin wannan wuri suna nan, kuma ba sa jiran amincewar wani kamfani. LibreOffice na yin aikin rubutu da lissafi kyauta, babu intanet. Linux na tayar da tsohuwar kwamfutar da Windows ya yi watsi da ita. KoboToolbox, wanda ma'aikatan agaji ke amfani da shi a faɗin duniya, yana bari a cike tambayoyi a waya a tsakiyar daji, a aika idan an samu layi, kuma ƙananan ƙungiyoyi na amfani da shi kyauta har zuwa wani adadi. Kiwix na saka Wikipedia, har da ta Hausa, a cikin waya ko kwamfuta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna ya koyar. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi na da ɗalibai 'yan Dakoro da ke komawa gida hutu. Mako biyu na ɗaya daga cikinsu tare da sakataren ƙungiya ya fi kwali guda na kayan da ba wanda ya iya kunnawa.

Wannan ba yana nufin a yi watsi da rangwamen kamfanoni ba. Ƙungiyar da ta kai girman AREN, ta makiyaya, na iya cin moriyarsa sosai, haka ma haɗakar ƙananan ƙungiyoyi idan suka yi rajista da suna guda. Amma ƙofar shiga takarda ce. Kowane kamfani na da jerin ƙasashen da yake karɓa, sai a duba ko Nijar na ciki kafin a ɓata data. Bayan haka za a nemi shaidar rajista, wadda doka ta tanada a Nijar tun 1984, da tsarin mulkin ƙungiya, da sunayen shugabanni, duk da Faransanci ko Turanci. Hukumomin Yamai ma sun ƙara sa ido a kan ƙungiyoyi da kuɗinsu, har sun janye izinin Acted ta Faransa a Nuwamban 2024. Don haka gyaran takardu da tsabtace lissafi aiki ne da zai yi amfani ta fuska biyu, kuma matashin da ya yi boko a birni zai iya yin sa daga inda yake.

Akwai wani haɗari da ba a cika magana a kansa ba. Sau da yawa ɗan birnin da ya taimaka ya buɗe imel ko asusun ajiyar bayanai yakan yi shi da lambarsa da kalmar sirrinsa. Ranar da ya tafi Aljeriya ko aka samu saɓani, ƙungiya ta rasa komai. Matan jihar Maradi sun warware irin wannan tun 1991, lokacin da aka fara Mata Masu Dubara: akwatin kuɗi na da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban. Haka ya kamata a yi wa kalmar sirri. A rubuta ta, a ajiye a hannun shugabanni fiye da ɗaya, lambar da aka yi rajista da ita kuma ta zama ta ƙungiya.

Gwamnati na da nata kason. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar. Jama'ar Mai Yara na da haƙƙin sanin waɗanne garuruwan gundumarsu aka sa a ciki da inda aka kwana. Starlink ya fara aiki a ƙasar a watan Maris na 2025, kuma zai iya kaiwa inda layin Airtel, Moov ko Zamani ke rauni, amma kuɗinsa na wata-wata ya fi ƙarfin ƙungiya guda. Idan za a kafa shi, sai dai a ofishin ƙaramar hukuma ko makaranta, ƙungiyoyi su yi karo-karo.

Ga ƙungiyoyin 'yan Dakoro mazauna ƙetare da ke shirin aiko da gudummawa bana, lissafin da ya kamata su fara yi shi ne na shekara guda: datar wata goma sha biyu, sabon batir idan na farko ya mutu, kuɗin motar mai gyara daga Dakoro, da ɗan alawus na wanda zai koyar. Idan abin da aka tara ba zai ɗauki wannan da kwamfuta ba, a sayi waya biyu da farantin hasken rana, sauran kuɗin a miƙa wa ma'ajin ƙungiya a gaban mambobi, a rubuta a littafi.