Ramin Sama Na Soket Ba Ado Ba Ne

A makon jiya na kai ziyara gidan wani aminina a Agege. Muna cikin hira sai na ga ɗansa ya ɗauko tsinken ashana ya cusa a ramin sama na soket, ya danna, sa'an nan ya zira tsiraran wayoyin fanka guda biyu a ramukan ƙasa. Fanka ta tashi, maigida ko gezau. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Malam, ai shekara da shekaru haka muke yi." Ƙanen yaron kuwa, mai rarrafe, yana gefe ya zuba ido.

To, bari mu dubi abin da tsinken nan ya rushe. Wannan soket mai rami uku da ke bangon gidajenmu daga Ingila muka gaje shi, inda aka fito da ƙa'idarsa mai suna BS 1363 a 1947. Kwamitin da ya ba da shawarar yinsa, wanda mace ɗaya tak ke cikinsa, Caroline Haslett, ya nemi a rufe ramukan wuta saboda ƙananan yara. Shi ya sa aka sa wa ramukan ƙasa murfi daga ciki. Ƙafar filogi ta sama ta fi sauran biyun tsawo, ita ke fara shiga ta ture murfin. Watau mabuɗi ce. Wanda ya saba buɗewa da tsinke, wata rana murfin zai karye, ƙarfin wuta bolt 230 ya zauna a fili daidai tsayin yaro mai rarrafe da ƙusa a hannu.

Ba nan aikinta ya tsaya ba. Ita ce ke haɗe da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke tafiya har ga sandan ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. In wayar wuta ta zaga ta taɓa jikin firiji ko dutsen guga, ta nan wutar za ta bi, fis ya ƙone, maimakon ta bi ta jikin uwargida.

Shi ma fis ɗin da ke cikin filogi muna cin amanarsa. Mai amfa 13 na kayan da ke jan wuta har kusan wat 3,000 ne, kamar hita; fitila da rediyo mai amfa 3 ya ishe su. Amma in ya ƙone sai a naɗa masa takardar kwalin sigari mai ƙyalli, a ce an gyara. Kuma a sani, fis waya yake karewa daga gobara. Wutar da ba ta kai amfa ɗaya ba tana iya tsai da zuciyar ƙato, fis bai ko motsa ba. Maganin wannan shi ne na'urar RCD da ake sa wa a akwatin rarraba wuta, wadda da ta ji yoyon wuta ya kai milamfa 30 sai ta katse kafin ƙiftawar ido.

Ta fuskar doka ba a bar mu kara zube ba. A 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta, a shekarar kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, mai duba aikin wayarin da ba masu sana'ar takardar shaida. Inda gizo ke saƙa shi ne mai ginin da ke neman araha. Sai a kafa soket mai rami uku tsaf, a bayansa kuwa waya biyu ce kurum, an cinye kuɗin ta ukun. Ido ba ya gane wannan daga waje. Mai shiga gidan haya ya kira mai takardar shaida ya auna masa kafin ya jona firiji.

Aminina dai bai bar ni na tafi ba sai da muka aiki yaron ya sayo filogi, muka ɗaura wa fankar. Da mai gyaran wuta ya zo washegari ya kwance soket ɗin falon, waya biyu ya tarar.