Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 ga Hukumar Kamfani

Ranka ya daɗe Manaja,

Wannan takarda ta fito ne daga reshen ƙungiyar ma'aikatan wannan kamfani na gyaran riɗi da zoɓorodo da ke Dawanau, kan titin Katsina. Mun kai kuka da baki, mun kai a rubuce, amsar dai ɗaya ce: a yi haƙuri. To, haƙurin ya kai maƙura.

Ku leƙa sito da hantsi ku ga waɗanda ke aikin. Mata ne daga Tumfafi da Kwa da ƙauyukan Dawakin Tofa da Ungogo, zaune a daɓe, faifai a cinya, suna tsince tsakuwa daga riɗi, ƙura ta mayar da girarsu fari. Ba sha'awa ta fito da su ba. Gonakinmu rabon gado ya gutsuttsura su, geron da ake girbewa ba ya kai gida wata damina. Da yatsun matan nan ake samun riɗin da ake lodawa zuwa Legas a fitar da shi waje, amma har yau 'yan jinga ne, ba su da takardar ɗaukar aiki. Wadda ta haihu, kafin suna an ba wata gurbinta. Alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, sashe na 54 kuma ya ba mai juna biyu hutun mako 12.

Sai maganar muƙamai. Akawu, mai kula da sikeli, shugaban sashe: ba mace ko ɗaya, ba ɗan karkara ko ɗaya. Ba a tallata gurbi, sai dai a wayi gari a ga ɗan uwan wani a kan kujera. Kada a ce mana babu masu takarda. Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi suna yaye 'ya'yanmu duk shekara. Wani matashi da shan inna ya taɓa wa ƙafa ya zo neman aikin akawu, aka sallame shi daga bakin get ba a buɗe takardunsa ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta tsaya a Abuja ba.

Mun ji ana raɗa cewa so muke a kori baƙi. Ƙarya ce. Makanikenmu Ibo, direbanmu Bayarabe, 'yan dakonmu na Damagaram, duk 'yan ƙungiya ne, kuma da su aka rubuta wannan takarda. Dawanau da baƙi ta zama Dawanau. Wanda ke neman haɗa mu faɗa da sunan ƙabila ko addini ya nemi wata sana'ar.

Abin da muke nema a fili yake. A ba duk wadda ta wuce wata 3 takardarta, da albashin da bai gaza mafi ƙarancin naira 70,000 na dokar 2024 ba. A mayar da masu jegon da aka sallama. A riƙa liƙa kowane gurbi a allon sanarwa, da Hausa da Turanci, a tantance masu nema a gaban wakilin ƙungiya. A yi wa ƙofar ofis gangaren da keken guragu zai hau, a gina wa mata banɗakinsu.

Mun ba ku kwana 21 daga ranar da kuka karɓi takardar nan. Ƙofar zama a buɗe take har ranar ƙarshe. Idan wa'adin ya cika ba a sa hannu kan yarjejeniya ba, za mu tsunduma yajin aiki: ba tsinta, ba awo, ba lodi. Za mu kuma shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kano. Mun aika kwafi ga ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da reshen ƙungiyar ƙwadago ta NLC na jiha.

Sakataren reshe,
a madadin dukkan ma'aikata.