Lissafi Ne Mabuɗin Tallafin Karatu: Kira Ga Matasan Tambuwal Da Kebbe

Abin takaici ne a ce matashi daga Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna ko Kebbe ya kammala sakandare da burin karanta ilmin tattalin arziki ko harkar banki, amma da sakamako ya fito sai a tarar lissafi ya kayar da shi. Daga nan sai a koma gindin bishiya ana cewa wai tallafin karatu na masu uwa a gindin murhu ne. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a maganar, wanda ba shi da kiredit a lissafi ai shi ya fitar da kansa tun a bakin ƙofa.

Sharaɗin a fili yake. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da takwarorinta suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, kuma lissafi na cikin darussa huɗu da mai neman wannan fanni zai rubuta a JAMB. Hukumar bayar da tallafin karatu ta Jihar Sakkwato kuwa, wanda ya sami gurbi take tallafa wa. Babu lissafi babu gurbi, babu gurbi babu tallafi.

Abin mamaki, yaron da ke gudun ajin lissafi da safe, shi ne da yamma a Islamiyya yake raba gado, yana fitar da sumuni da sudusi, ya kuma san ɗaya bisa arba'in na zakkar kuɗi. To, wannan in ba lissafi ba mene ne? Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, ya ware babban sashe nasa ga rabon gado da wasiyya. Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alkahira a 1741, da ilmin lissafi ya yi suna. Ashe ba baƙon ilmi ba ne, gadon gida ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Ga kuma abin da ake asara. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, a 2017 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Irin waɗannan ayyuka masana lissafin kuɗi ke riƙe da su. Wanda ya ƙi koyo, wasu ne za su tsara masa kasafin kuɗi da farashin taki, shi kuwa sai dai ƙorafi.

Sannan a bambance tallafi da rance. Kuɗin asusun NELFUND, a ƙarƙashin dokar 2024, ba su da ruwa, amma bashi ne da ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Tallafi kuwa kyauta ne ga wanda ya cancanta, don haka a guji duk mai neman cin hanci da sunan zai sa suna a jeri.

Ya rage wa 'yan'uwa da suka riga suka shiga jami'a su sadaukar da hutunsu wajen koyar da ƙannensu lissafi a azuzuwan Islamiyya, masu hali su sayi littattafai, ɗalibai kuma su tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN tun da wuri. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Allah Ya sa a dace.