An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A bakin layinmu akwai wani mai tebur da ke sayar da sigari kara-kara. Rannan na ga ƙanena, ɗan shekara 14, ya miƙa masa kuɗi ya karɓi kara biyu. Mai teburin nan da shi aka ci tuwon sunan yaron. Wace na'ura ce za ta sanar da shi shekarun da ya riga ya sani?

Tambayata ke nan ga masu cewa da zarar an tilasta wa mai saye nuna lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a wayarsa, an raba yara da sigari. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara. Ga doka a rubuce, ga tebur a buɗe. Wanda bai ji tsoron doka ba, manhajar waya za ta razana shi?

Sa'annan shekarun da ke cikin rajistar daga ina suka fito? Da yawa daga cikinmu ba mu da takardar haihuwa. Kotu muka je muka yi rantsuwa, aka rubuta abin da muka faɗa. Kwamfuta ba ta tace ƙarya, ajiye ta kawai take yi. Yaron da ya ari wayar yayansa kuwa ya zama baligi nan take.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Duk ranar da na nuna lambata a kanti, na bar sawu: sunana, abin da na saya, da lokacin da na saya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙata. Buƙatar mai kanti kuwa kalma ɗaya ce: ya kai, ko bai kai ba.

Ban musa amfanin fasahar nan ba a cinikin intanet, inda mai sayarwa ba ya ganin fuskar mai saye. A can a yi aiki da ita, bisa sharaɗin ta amsa waccan kalma ɗaya ta yi shiru. Amma a unguwa, a hukunta mai sayar wa yaro, iyaye kuma su daina aiken 'ya'yansu sayen sigari. Ƙanena ba kati ya rasa ba. Babban da zai ce masa a'a ya rasa.