Dariyar da Ke Ɗaure Harshen Ɗalibin Larabci

A makarantunmu na sakandare za ka tarar da yaron da ya haddace Ajurumiyya, yana i'irabin jimla tiryan-tiryan a takarda, amma da zarar malam ya ce ya tashi ya yi magana da Larabci, sai gumi ya karyo masa, murya ta hau rawa. Da yawa mukan ce ƙuiya ce ko rashin ƙoƙari. Ni kuwa ina ganin tsoro ne, kuma mu muka dasa masa shi.

Larabci ba ya rufa wa mai kuskure asiri. Ka sa rufu'a inda fataha ta dace, kowa ya ji. Haruffa irin su ainun da ladi babu su a Hausa. Yaron ba ya jin harshen a gida ko kasuwa, a aji ma rabin darasin fassara ce. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, sai a tare shi da "Lahani!", aji ya kwashe da dariya. Daga ranar ya ja bakinsa ya tsuke.

Wannan dariya zalunci ce. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana mu yi wa juna izgili, hadisin Nana A'isha kuma ya yi wa mai karanta Alƙur'ani yana gargada albishir da lada biyu. Sibawaihi kansa, jagoran malaman nahawu, Bafarishe ne. An ruwaito cewa lahanin da ya yi a gaban Hammadu ɗan Salama a Basra ne ya kai shi ga neman nahawu, har ya zauna gaban Halilu ɗan Ahmad, ya bar mana littafinsa Alkitabu. Amma ba kowane yaro ke da zuciyar Sibawaihi ba. Mafi yawa in aka kunyata su sai su janye.

Gwamnati ta kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a 1992 domin ɗaliban manyan makarantu su zauna cikin harshen. Ɗan sakandare ba shi da inda ya wuce ajinsa. Don haka, malam, a bar yaro ya kai ƙarshen zancensa kafin gyara. A haɗa su biyu-biyu su yi muhadasa kafin a tsayar da mutum gaban aji. A daina bulala da tara a kan lahani, a tsawata wa mai dariya. Amanar da iyaye suka ba mu ta haɗa da mutuncin yaron, kuma za a tambaye mu a kanta.